Zaren Likkafanin Baba

Shekarar da agana ta shigo mana Tsiga ina gidan mahaifina, ban daɗe da fita takaba ba. Baba masaƙi ne, kuma tun tasowata akwai wani kwando rataye a ɗakinsa wanda ba mai taɓawa. Likkafaninsa ne a ciki, fari tas, audugar gonarsa, saƙar hannunsa. Duk kaka sai ya fito da shi ya shanya, ya duba ko gara ta yi masa ɓarna. Jikoki su yi ta tsokanarsa wai tsoho ya fito da kayan angwanci. Ni kam abin bai taɓa ba ni dariya ba. In na ga farin nan a kan danga, tuwon ranar ba ya yi mini daɗi.

Fatake ne suka fara kawo labarin cutar daga Mahuta. Bayan kwana kaɗan waɗanda suka je cin kasuwar Bakori suka komo tun hantsi, suka ce rumfuna duk babu kowa. Mai gari ya sa a riƙa rufe ƙofar ganuwa tun la'asar, sai ka ce mahara ne za su zo daga Maraɗi a kan dawaki. Ba mu san ta inda ta shigo ba. Mun dai wayi gari matar maƙerin unguwarmu na zazzaɓi, rana ta bakwai aka fita da gawarta.

Daga nan ba a ƙara hutawa ba. Da safe sai ka kasa kunne ka ji gidan da ba a daka, ka san can ta kwana. Baba ya yi aganarsa tun yana yaro, ga zanenta nan a fuskarsa, don haka shi ke wanke mazan da kowa ke gudu. Farin ƙyalle ya ƙare a gari, kasuwa ba ta ci, sauran masaƙan biyu suna kwance. Ranar da ɗan liman ya rasu, saurayi mai ƙarfi kamar ya ɗaga rumbu, na ga Baba ya sauko da kwandon nan. Ya farke ɗinkin ya raba. Kafin wata ya mutu mutum uku sun tafi da likkafaninsa, kuma duk cikinsu babu wanda ya kai rabin shekarunsa.

Washegarin binne na ukun ya ja zaren tsaye na sabon likkafani da ɗan abin da ya rage masa, ya ɗaure a masaƙa ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gida. Saura zaren da zai riƙa jefawa a ƙoshiya.

"Ke 'yar nan, ɗauko mazarinki," in ji shi. "Ba na son a same ni haka."

Na ce to. Amma a raina na riga na yanke shawara. Na rasa miji, na rasa uwa, shi kaɗai ya rage mini, kuma na sa a kaina cewa ranar da ƙyallen nan ya cika ranar zai tafi. Kada wani ya tambaye ni hujja, ba ni da ita. Kaɗi dai ina yi, don hannuna bai iya zama haka nan ba, kuma a unguwarmu ba macen da ta kai ni sauri. Sai dai in na kaɗa dunƙule uku in kai masa ɗaya, biyu in jefa a tulun da ke bayan gadona.

Kullum kafin azahar zarensa ya ƙare. Sai ya zauna da ƙoshiya a cinya yana jan tasbaha, ana wucewa da makara ta gabansa. Ni kuma ina leƙensa ta danga, ina jin tausayi, ina jin haushi. Me ya sa mutum zai riƙa gaggawar barin 'yarsa?

Wata rana da na kai masa fura ya ce, "Hannunki ya yi nauyi bana."

"Audugar ce ba ta da kyau, Baba."

"Ni na noma ta." Ya kurɓi furar, ya ajiye ludayi. "Kina tsammani in lokaci ya yi, zarenki za a tsaya jira? Ni na shirya, na yafe wa kowa, na nemi gafarar kowa. Wannan ɗaya ya rage, kuma yana hannunki."

Na ɗauki ƙwarya na shige gida ina huci. Gobe, na ce wa kaina. Gobe zan fito masa da shi duka. Goben ta zo, aka ce cutar ta fara sauƙi, kwana biyu ba a fita da kowa ba. Sai na ce ka gani, dabarata ta ci, na bar tulun a rufe.

Ranar Laraba ce, bayan azahar. Na lura ban ji ƙarar masaƙa ba, amma na saba da hakan. Maƙeri ne ya yi sallama, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce Baba ya cika. Ba ƙurji ko ɗaya a jikin Baba, ba zazzaɓi. Ya jingina da ceɗiya ne kawai, ƙafafunsa na kan matakan masaƙa.

Da aka yanko abin da ya saƙa, liman ya auna da kara, ya sake aunawa. In aka yi faɗin da zai naɗe shi, tsawon ba zai wuce gwiwa ba. Na ruga ɗaki na kinkimo tulun na juye a tsakar gida, dunƙule-dunƙulen zare suka yi ta birgima har gaban mutane. Liman ya dubi zaren, sannan ya ce, "'Yata, wa zai saƙa wannan kafin rana ta faɗi?"

Zanena na rini aka yaga aka ƙarasa. Mata ba sa bin gawa, don haka ta ƙofar zaure na tsaya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shanya farin ƙyallensa, na ga an sha kwana da shi, fari daga kai zuwa gwiwa, ƙafafunsa a cikin baƙin zanena.