Takabar Haya

Ku matso kusa, 'ya'yan nan, ku ara mini kunnuwanku. Ba zan ce muku ga ta nan ga ta nanku ba, domin babu gizo a cikinta, babu ƙoƙi. Ni ce a ciki, da hawayena, da motar noma wadda ba tawa ba.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Gezawa. Ba zan faɗi sunansa ba, kunyar da ya sha ta dalilina ta isa. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Mijina Malam Audu ya rasu ya bar mini ɗa guda, Sani, da 'yar gona, da jaki. Na yi masa takaba, na fita, na ɗauki kaskon ƙosaina na koma bakin titi, kusa da wata rumfa inda ake gyaran injinan ban ruwa da motocin noma. A wancan lokaci in na ce abu fari ne, ba mai ɗaga shi ya duba. In mata suka yi rigima ni ake kira. In mace ta rasu ni ke wanke ta.

Sai aka shiga shekarun da tarakta ta yi wuya. Sababbi suka daina shigowa, tsofaffi suka tsaya don babu kayan gyara, wadda ta rage da rai kuwa sai ka ga garuruwa da yawa suna jiranta. Ga shanun huɗa sun zama abin fargaba, ga tsadar ciyar da su, ga ɓarayi. Kowa ya san huɗa ba ta jiran mutum. In ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi, wanda bai samu ba a 'yan kwanakin nan ya yi asarar shekara. Mutane suka riƙa yawo da kuɗi a ƙugu suna neman ko tsohuwa ce su saya.

A rumfar nan akwai wani dillali, Tanimu, mai zaƙin baki, wanda ba ya wuce ni bai ce "Innata ta kaina" ba. Wata rana ya tsuguna gaban kaskona ya ce, "Inna, in mutumin can ya tambaye ki, ki ce kin san garmar nan, ta maƙwabcinki ce."

Na ce, "Ai ban san ta ba."

Ya ce, "To ba ga ta ga ki ba? Tun safe kuna zaune wuri ɗaya, wane maƙwabtaka ya fi wannan?"

Na yi dariya. Mutumin ya zo ya tambaya, na gyaɗa kai. Da yamma Tanimu ya danƙa mini abin da ya fi cinikin ƙosaina na ranar, ya ce na goro ne. Na ce a raina ai ban yi magana ba, kai kawai na gyaɗa. Daga gyaɗa kai aka koma "e, na gan ta tana aiki bara". Daga nan aka koma rantsuwa. Ba rana ɗaya na lalace ba, da kaɗan-kaɗan ne, kamar yadda gara ke cin rumbu.

Ranar da ya zo da babbar maganar, bazara ce, hadari ya fara leƙowa. Ya ce, "Inna, kin san abin da ya fi komai saurin sayuwa? Kayan gado. Ba mai tsananta wa matar mamaci, ba mai ce mata kawo takarda. Ke dai zama za ki yi."

Ga yadda abin yake. Tanimu zai karɓi hayar tarakta daga hannun mai ita a birni, da sunan zai yi ɗiban taki. Sai ya kai ta wani gari mai nisa, ya kama gida a gefen gari, ya ajiye ta a ƙofa. Ni kuma in zauna a zaure kan tabarma, da koɗaɗɗen zane, ba kwalli ba turare, da carbi a hannu, a matsayin matar mai motar da ya rasu. Tanimu kuma shi ne ƙanin marigayi. Magada sun matsa a sayar a raba. Da an biya, kafin la'asar mun bar garin. Bayan kwanaki mai motar na gaskiya zai biyo sahu da takardunsa ya karɓe abinsa, mai saye ya tashi a tutar babu.

Na ce, "Tanimu, takaba fa ba abin wasa ba ce."

Ya ce, "Wa ya ce wasa? Ba ki da miji, ko ya dawo ne ban sani ba?"

Na tafi. Na gaya wa Sani wai zan je biki wajen dangin uwata.

Mai saye na farko wani attajiri ne, a can wajen Dawakin Tofa. Ya cire takalmi ya tsuguna ya ce, "Ya haƙuri, Inna?" Da ya taɓo zancen takardu, Tanimu ya ce suna wurin masu rabon gado. Na ga mutumin bai gamsu ba. Ni kuwa sai na tuno ranar da aka fita da Malam Audu a makara, yadda ƙafarsa ɗaya ta leƙo daga mayafi na bi na rufe. Hawaye suka zubo. Attajirin ya sunkuyar da kai, bai sake cewa takarda ba. Ku ji da kyau: hawayen na gaske ne, dalilinsu ne na haya. A hanyar dawowa na ce wa kaina, ai mai kuɗi ne, ba zai ji ba. Na biyu ma haka na ce.

Na uku shi ne Malam Hudu, manomi daga ƙasar Kunci, babban wa a gidan da su uku ke noma gandu ɗaya. Dogo ne, siriri, tafin hannunsa duk kanta. Ya zagaya motar yana shafa ta, sannan ya shigo zaure ya zauna nesa da tabarmata. Ya ba mu labari ba wanda ya tambaye shi. Ya ce sun sayar da bijiman huɗarsu gaba ɗaya, har da wanda ya rena tun yana maraƙi, suka haɗa da na gyaɗar bara. In Allah ya yarda za su huɗe nasu, su yi wa maƙwabta.

Tanimu ya faɗi kuɗi, yana jiran a taya ya ce albarka. Malam Hudu ya ce, "Ni ban iya tayin kayan marayu ba. Abin da kuka ce shi ne."

Da aka gama ya juyo gare ni ya ce, "Inna, mene ne sunan marigayin? Kuma a wane gari yake kwance? Ina so in riƙa sa shi a addu'a, tunda guminsa zan ci."

Tanimu ya riga ya koya mini sunan ƙarya da garin ƙarya. Amma na dubi hannuwan mutumin nan ya ɗaga su, na ga addu'ar mutumin kirki za ta tashi ta tafi ga wanda ba a taɓa halitta ba. Sai kwaɗayinta ya kama ni. Na ce me zai hana ta je wa nawa? Na buɗe baki na ce Malam Audu, na faɗi sunan ƙauyenmu. Ya yi addu'a mai tsawo, na shafa. Kun ga, kuɗinsa bai ishe ni ba, har addu'arsa sai da na sace.

A mota Tanimu ya ce, "Tsohuwar nan kin kashe mu." Daga ranar ban sake ganinsa ba.

Ruwa ya sauka. Abin da ya faru a can, daga baya na ji shi a gaban alƙali. Motar tana tsakiyar gonar Malam Hudu, an huɗe rabi, mai ita ya iso da 'yan sanda. Aka sauke ƙanin Malam Hudu daga kan kujera aka tafi da ita. Ba mota, ba shanu, na maƙwabta kuwa duk an riga an kama su. Suka shiga da garmar hannu, su da 'ya'yansu. Kafin su gama lokaci ya wuce.

Wata safiya ina suya, na ga mutane sun nufo ni suna dariya, da baƙo a tsakiyarsu. Wani ya ce, "Inna, ga wani yana neman gidan Malam Audu mai tarakta. Mun ce masa wanda muka sani dai jaki ya bari, shi ma gurgu."

Malam Hudu ya tsaya a kaina. Ya rame. Ya dubi kaskon, ya dubi kwallin da ke idona. Bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, "Inna, ashe an fita takaba."

Dariyar mutane ta ɗauke. Ƙosai ya ƙone a cikin mai ina kallo, na kasa tsame shi.

Aka kai ni gaban shari'a. Sauran biyun ma suka zo suka shaida ni. Ban yi musu ba. Abin da Tanimu ya riƙa ba ni bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba, kuma ya tafi a zannuwa da gudummawar biki, don a ce Inna ta yi bajinta. Aka yanke mini ɗauri.

Gidan yari ba dukan da aka yi mini, ba zagi. Shiru ne ya ci ni. Matan da ke ciki duk sa'o'in jikokina ne, suka sa mini Kaka mai tarakta. In sun gaji da zama sai wata ta ce, "Kaka, ɗan yi mana kukan nan na ciniki mu gani." Ranar ziyara kowa a kira sunanta, ni ina jingine da bango ina sauraron sunayen mutane. Sani ya zo sau ɗaya. Bai zauna ba. Ya ce ya sayar da gonar ubansa ya kai wa Malam Hudu abin da ya samu, yanzu ƙwadago yake yi a gonakin mutane. Ya ce, "Inna, da sunan Baba kika yi?" Na ce da shi. Ya ajiye mini ƙullin garin kwaki ya juya.

Da wa'adina ya cika aka buɗe mini ƙofa, ba wanda ya zo taryata. Ban nufi gida ba, na nemi motar Kunci, na yi ta tambaya har ƙofar Malam Hudu. Na durƙusa a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Nawa na yafe. Na ƙannena ba ni da iko da shi, sun raba gandu sun bar ni, sun ce ni na kai su na baro. Addu'ar da na yi wa mijinki kuma ban janye ba, shi bai ci mini komai ba." Ya sa aka kawo mini ruwa, ya biya mini kuɗin mota.

Na dawo ƙauye na tarar ɗakina yana nan, amma matsayina babu. Ana gaishe ni, ba a zama. An yi rasuwa a maƙwabta na ɗauki mayafi na tafi, aka ce in koma, an riga an samu mai wanka.

Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da Sani, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ɗana guda ke nan. Aka shimfiɗa tabarmi, mata suka cika tsakar gida. Da aka ɗaga makara na ji abin da ban taɓa ji ba ko a mutuwar ubansa, kuka ya ƙwace mini. Ba wadda ta matso ta dafa ni. Daga bayana na ji wata ta ce wa ta kusa da ita, a hankali, ba da niyyar in ji ba, "Ai dama ta iya."

Ban ga laifinta ba. Na haɗiye sauran, na tashi na shiga ɗaki na turo ƙofa, a can na ƙarasa.

To, 'ya'yan nan, ga abin da na tara ku in gaya muku. Duk wanda ya ce maka kai dai gyaɗa kai kawai za ka yi, tashi ka bar wurin, ko da kaskonka na kan wuta. Mazambaci ba ƙarfinka yake nema ba, yardar da mutane suka yi maka yake so ya ara, kuma ba ya mayarwa. In za ku sayi abu mai tsada a lokacin da ya yi wuya, ku ji tausayin mai kuka, ku yi masa addu'a, sannan ku nemi takarda da mai unguwa. Tausayi bai hana bincike ba. Kada kuma ku taɓa yin ciniki da sunan mamacinku.

Tanimu, an ce an gan shi a wata ƙasa yana dillancin babura, an kuma ce ya mutu, ban san ta gaskiya ba. Attajiran nan biyu ban sake jin ɗuriyarsu ba, ina nan da haƙƙinsu a wuya. Malam Hudu ya sayi ɗan maraƙi yana reno, ƙannensa har yau ba sa shiga gonarsa. Matar Sani ta gama takabarta ta koma gidan iyayenta da 'ya'yan da ya bari, sukan zo mini da salla, su gaishe ni daga bakin ƙofa. Ni kuma ina nan, na koma suya a ƙofar gida, mai saye ya saya ya wuce. Nan labarin ya tsaya, ba kan kusu ba kan ɓera. Ku tashi ku tafi gida, iyayenku na jira.