Usur a Hannun Mai Wutsiya

Da ana iya maida magana cikin baki yadda ake maida mota baya, da akwai guda ɗaya da zan maida. Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota tsakanin Tamale da Kumasi ban taɓa kaɗe mutum ba. Sai da na ajiye sitiyari, furfura ta cika haɓa, sannan na kaɗe wani bawan Allah da baki, ina tsaye da ƙafata cikin wandon motsa jiki. Karatuna bai yi nisa ba, don haka zan faɗa yadda ya faru, ba ado.

Hawan jini ne ya kai ni cikin masu gudu. Likita ta ce in rage gishiri, in riƙa tafiya. Gishirin har yau muna shari'a da shi, amma tafiyar na karɓa. A unguwarmu ta Kalpohin akwai ƙungiyar motsa jiki da yara ke kira kip-fit. Kowace Asabar bayan sallar asuba ake haɗuwa a mararraba, a gangara ta Gumbihini, a kai filin wasa, a dawo. Akwai ma'aikatan gwamnati masu tumbi, akwai 'yan kasuwa, amma yawanci samari ne da 'yan mata. Ni da farko na ɗauka duk lafiya suka fito nema.

Da shugabannin suka ga ba wanda ya kai ni jan ƙafa, sai suka ba ni usur, suka ce ni ne mai wutsiya. Dokar ita ce ba a barin kowa a bayana, kuma ba a barin mace ita kaɗai a kan titi. In wata ta gaji, sai in busa usur, in nuna wanda zai tsaya ya raka ta a hankali har su cim mana. Saboda wannan doka ne iyaye mata da yawa suka yarda 'ya'yansu su fita da duhun safiya. Sukan ce ai tsoho yana nan.

Ban daɗe ba na gane abin da ke hannuna. Gajiyar yaran nan tana da ido. Yarinya za ta yi gudu lafiya lau, sai ta hango wanda take so ya matso baya, nan take igiyar takalminta ta kwance. Wata kuma ta dafe haƙarƙari ta ce wani abu yana sukarta. Samarin suna tafe da ruwan leda a aljihu. In saurayi ya miƙa wa yarinya leda ta karɓa ta sa a hannu kawai, to mutunci ne. In ta ciji bakin ledar ta sha a gabansa, magana ta fara. In ta ce ta gode, tana da nata, sai ya je ya nemi wata mai ƙishirwa. Ni kuwa na zama kamar ɗan sanda a kan mararraba: wanda na ɗaga wa hannu ya wuce, wanda na hana ya tsaya. Da an tashi, samari har rige-rige suke su saya mini koko da ƙosai. Ban taɓa roƙa ba. Ban kuma taɓa ƙi ba.

A cikin 'yan matan akwai ɗiyar wata mai sayar da atamfa a kasuwa. Ta haura ashirin, doguwa, tana ɗaure mayafinta tamau ta sa dogon wando da riga har gwiwa. Kaka take ce mini, ni kuma ina ce mata amaryata, irin wasan nan na jika da kaka. Kullum tana cewa ba za ta tare a gidana ba sai na sa haƙoran da suka zube. Ƙarfi gare ta kamar barewa, amma da mun kai wata bishiyar dogon yaro a bakin hanyar Gumbihini sai gajiya ta kama ta.

A daidai wannan bishiya kuma numfashin wani tela yake ƙarewa. Shi tasa gajiyar ta gaskiya ce. Mutum ne mai jiki, in yana gudu sai ka ji kamar zugazugin maƙera. Daga Bulpiela yake zuwa, ya wuce ƙungiyoyin da suka fi kusa da shi, ya zo tamu. Da na tambaye shi dalili sai ya ce iskar Kalpohin ta fi daɗi. Ran farko da na haɗa su, na bi bayansu ina kasa kunne. Tun daga dogon yaro har filin wasa bai yi mata zancen komai ba sai yadda ake buɗe ramin maɓalli kada ya zare. Ita kuwa tana ta tambaya kamar gobe za ta buɗe shago. Ledar ruwansa tana aljihu, ina ganin kumburinta, ya kasa fito da ita. Na ce a raina wannan sai an ba shi lokaci. Kuma da ba don abin da ya biyo baya ba, da na ba shi.

Sai ga ɗan ƙanwata ya shigo ƙungiya. Yana da shagon wayoyi, yana da moto, wato babur, takalminsa fari kamar bai taɓa taka ƙasar Tamale ba. Kafin ka gan shi ka ji turarensa. Uwarsa ta hana ni sakat a kan ya yi aure, duk lokacin da na je gaishe ta sai ta ce ina amfanin kawun da ke yawo da garken 'yan mata kowace Asabar alhali ɗansa na zaune gwauro. Yaron ya gudu da mu sau biyu, ya zo ya raɗa mini cewa doguwar nan yake so. Ni kuma na je na bugi ƙirji a gaban ƙanwata, na ce ta fara tara kayan lefe.

Asabar ta gaba, da muka kai dogon yaro ta dafe haƙarƙari, tela ya rage gudu yana kallona. Na busa usur na nuna ɗan ƙanwata. Tela ya ce a hankali ai shi ma tsayawa zai yi.

Na ce, "Haba tela, kai da kake neman mai raka ka? In ta faɗi ka faɗi, wa zan ɗauka?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ja jiki ya bi sahu.

Daga nan muka shiga wasan ɓuya ni da ita. Ta sauya bishiya, na sauya da ita. Ta jira sai yaron nawa ya yi nisa sannan igiyar takalminta ta kwance, na busa usur da ƙarfi har ya juyo. Da na ga tela yana nanne da baya kamar kaska, sai na shawarci shugabanni a ba shi buhun ruwan ƙungiya ya riƙa yin gaba da shi a yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, yana jiranmu a filin wasa, wai don tausayin ƙirjinsa. Har godiya aka yi mini. Ɗan ƙanwata kuwa yana raka ta yana ba ta labarin wayoyi da tafiyarsa Accra. Duk ledar da ya miƙa sai ta ce ta gode, tana da nata.

Wata safiya ta jira ni a gindin mai koko, ta ce, "Kaka, usur ɗin nan naka ido ɗaya gare shi?"

Na ce, "Amarya, miji nagari ba ya miƙa matarsa sai ga na gida."

Ta dube ni, ba ta yi dariya ba. Ta ce to ta ji.

Tun daga ranar ba ta ƙara gajiya ba. Da an tashi sai ta sa kai gaba, ta wuce 'yan mata, ta wuce masu tumbi, ta shiga cikin samarin da ke jan sahu. Ɗan ƙanwata ya gwada binta sau ɗaya, muka tarar da shi zaune a bakin kwata, farin takalmi ya koma ja. Wata nawa ba a yi ba samarin gaban ma suka fara ganin bayanta. Tela ya ajiye buhun ruwa ya dawo gudu, har ya rage tuwon dare, amma ina zugazugi ina barewa.

Ana cikin haka aka sanar da babbar tsere ta gari, wadda ake rufe tituna, mutane su zo daga wasu garuruwa. Ƙungiyarmu duk ta ba da suna. A irin wannan tsere akwai al'adar da kowane yaro ya sani: wanda ya tsaya maka a wurin ƙarewa da ruwan sanyi da tawul, kuma ka karɓa a idon jama'a, to ya faɗi abin da ke ransa, kai ma ka amsa. Ba sai an buɗe baki ba. Ga mutum irin tela, wanda harshensa ke ɗaurewa, ba a taɓa yin hanya mai sauƙi kamar wannan ba.

Da safen tseren, muna liƙa lambobi a ƙirji, tela ya jawo ni gefe. Ya nuna mini sabon tawul da ya yi wa baki da hannunsa, da ledar ruwa mai ƙanƙara. Ya ce ya yanke shawara ba zai gudu ba, zai hau yalo-yalo ya je ya jira ta. Yana so ya ji ta bakina, tun da ni babba ne kuma na san ta.

Na san in ya je za ta karɓa. Na sani kamar yunwar cikina. Amma na tuna ɗan ƙanwata ya riga ya tafi can da lemon kwalba, na tuna ƙirjin da na buga.

Na ce masa, "Ɗana, macen da ke gudu haka ba za ta dubi namijin da ya tsaya da ruwa kamar mai talla ba. Ka gudu ka ƙare da ƙafarka, ta ga kai ma namiji ne. Sannan ka ba ta."

Ya ce, "Haka ne kuwa, Baba. Na gode." Ya rataya tawul a wuya, ya sa ruwan a aljihu.

Wannan ita ce maganar da nake so in maida.

Rana ta fito da zafinta. Tun kafin rabin hanya ni da shi muka koma tafiya, 'yan sanda suna buɗe titi a bayanmu, masu moto suna yi mana kirari suna wucewa. Wata tsohuwa mai toya wainar masara ta tambaye mu ko mun ɓata hanya ne. Leɓunan tela sun bushe sun yi fari. Na ce ya sha ruwan nan, ya ce ba nasa ba ne. Sau uku ina buɗe baki in ce masa ya tari yalo-yalo, sau uku ina rufewa, don in na faɗa sai na faɗi dalili.

Da muka isa ana tattara kujeru. Aka ce mana doguwar ce ta biyu a mata. Aka ce ta tsaya tana waige-waige cikin mutane, ɗan ƙanwata ya miƙa mata lemo ta ce ta gode. Wata mata cikin masu kaki, daga waɗanda ke zuwa irin wannan taro neman masu ƙafa, ita ta ba ta ruwa, ta ja ta inuwa suka daɗe suna magana. Ta jira har aka raba kyaututtuka, sannan ƙaninta ya ɗauke ta a moto.

Ba a jima ba takardarta ta ɗaukar aikin kaki ta fito, za ta tafi kudu horo. Ta zo gida yi mini sallama, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ba zancen haƙora. Har ta miƙe sai ta ce, "Kaka, ran nan na duba ban gan shi ba. Ashe ni kaɗai nake haukata."

Nan ma ƙofa ce Allah ya buɗe mini. Na ce mata Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ɗan ƙanwata bai yi ko zazzaɓi ba. Kafin azumi ya auri wata da ya gani a wurin biki, uwarsa ma ta manta na taɓa yin alkawari. Ita kuma doguwar, mahaifiyarta ta gaya mini bara cewa an sa mata rana da wani abokin aikinta a can bakin teku.

Sai bayan na ji wannan labari na iya zuwa Bulpiela wurin tela. Na fake da kai ɗinkin sallah. Yana auna ni ina faɗa masa, tun daga dogon yaro har safen tsere, ban rage komai ba. Allura tana bakinsa, bai tsaya da awo ba. Da na gama sai ya cire ta ya ce, "Ɗaga hannu, Baba." Na ɗaga. Ya auna hammata, ya rubuta, ya ce in dawo ran Laraba. Rigar ta yi mini daidai, ba inda ta matse. Da ya matse ta ma da na ji sauƙi. Har yau bai yi aure ba, kuma ba zan ce saboda ni ne ba, ba zan kuma iya cewa ba saboda ni ba ne.

Ku tsofaffi 'yan uwana da aka ba amanar yara a kan hanya, da ku samari da wata rana za ku tsufa, ina roƙonku kada ku yi irin tawa. In yaro mai nauyin baki ya zo muku da abin da ke hannunsa yana tambaya ko ya je, ku ce masa ya je.