Kurkunu da Damben Rogo

Kullum da hantsi nakan zauna in fere tsinken tsire, tuli guda, kafin nama ya iso daga mahauta. Sana'ata ke nan a bakin tashar Karaye, hannuna ya saba har ba sai na duba ba. Amma jefi-jefi sai wani tsinke ya fito gajere mai santsi, in na juya shi a tsakanin yatsuna sai in ji ƙafata ta dama ta amsa. A jikin irinsa kakata take naɗe mini tsutsar kurkunu. In ka taɓa sayen tsire a wurina, ka ga yadda nake jan ƙafar nan in zan miƙe. To, yau zan gaya maka abin da ba na gaya wa masu tambaya.

Gidanmu gidan fawa ne, a wani ƙauye tsakanin Karaye da Yammedi, ka kuwa san mahauta da dambe. Baba ya yi dambensa har makaɗa suna yi masa kirari, sai ranar da wani bahago, mutumin Rogo, ya kashe shi a turmin farko, wato ya kai shi ƙasa a gaban jama'a tun kafin kalangu ya yi zafi. Daga ranar bai sake naɗa hannu ba. Bai kuma manta ba. Bahagon nan yana da ɗa sa'ana, kuma tun ban san hagu da dama ba nake jin labarin yaron a gidanmu, kamar da ni aka yi faɗan.

Ina shekara goma sha huɗu Baba ya sa ni a gaba. Da an idar da sallar asuba sai gudu a cikin yashin rafi, in dawo in saɓa cinyar sa daga mahauta zuwa kasuwa, da la'asar kuma in yi ta jibgar buhun yashi da ya rataye a jikin tsamiyar bayan gida. Abin da ya fi ba wa muhimmanci shi ne tsayuwa. Ƙafar hagu a gaba, ta dama a baya, ka tsuguna kaɗan, duk nauyinka a kan ta bayan, ka miƙa hannun hagu yana tare maka fuska. Yakan ce hannu saƙo kawai yake kaiwa, naushin daga ƙafar baya yake tasowa. Kada in yi maka ƙarya, ina son abin. Baba ba mutum ne mai wasa da 'ya'ya ba, lokacin da yake naɗa mini zare a hannu shi ne kaɗai lokacin da yake riƙe ni ba don duka ba. Ina jin warin hayaƙi da goro a jikinsa, yana ja yana tamkewa, ni kuwa ina jin duk duniya babu ya ni.

A shekarar da na cika sha biyar aka tsayar da magana tsakanin mahautanmu da na Rogo: bayan an yanke dawa, ranar kasuwa da yamma, kafin manya su shiga fili, za a haɗa ni da ɗan bahago. Babu wanda Baba bai gaya wa ba. Har masu zuwa sayen kayan ciki sun san ranar.

Ana cikin girbin gero idon sawuna na dama ya fara ƙaiƙayi, sannan ƙuna kamar an ɗora garwashi, sannan bororo ya taso. Da ya fashe sai ga kan abin, fari fat kamar zaren ɗinki. A lokacin duk ƙauyen daga kududdufi ɗaya muke sha, mu da shanu, babu wanda ya san a ruwan muke kwasar wannan masifa. Ana dai cewa wane ya kwanta kurkunu, kamar yadda ake cewa ya kwanta zazzaɓi.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce gwanar kurkunu a unguwarmu. Ta ɗauko tsinken tsire cikin na Baba, ta rage masa tsawo, ta goge shi da man kaɗe. Kullum da safe sai ta tsoma ƙafar a ruwa har abin ya leƙo, ta kama kansa a jikin tsinken, ta murza sau ɗaya, in ya yarda sau biyu. Da ta ji ya turje sai ta tsaya, ta ɗaure tsinken da tsumma, sai kuma gobe. Wata rana abin da zai fito bai fi faɗin farce ba. Maigidanta take ce mini, irin wasan kaka da jika, amma ranar farko ba da wasa ta yi maganar ba.

"Maigida, wannan ba a yi masa gaggawa. In ya tsinke a ciki, ƙafar ta tafi."

A gaban Baba ta faɗa. Ya ji, wallahi ya ji.

Bai dakatar da horon ba. Ya yarda na bar gudu, amma tsayuwa da buhu suna nan. Ka yi tunanin ka ɗora nauyinka duka a kan ƙafar da tsutsa mai rai take kwance a cikinta, ka kuma tunkuɗo naushi daga nan. Kowane naushi sai na ji shi har cikin haƙorana. Tsumman ya jiƙe da ruwan ciwo, ƙudaje suna bi na, in na ɗaga diddigen don in ɗan samu sauƙi sai ya taɓa shi da sanda ya ce in sauke. Ban taɓa yin kuka a gindin tsamiyar ba, sai na shiga banɗaki. Innata tana ganin komai daga bakin murhu, amma ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta buɗe baki a gaban mutane ta ce a tausaya mini. Iyakarta ta ƙara mini nama a miya ta kau da kai. Mutane suna yabon wannan kunya. Ni dai na san abin da ta jawo mini.

Sati uku kakata tana naɗi, tsinken ya yi kauri. Saura kwana goma sha biyu damben, sai aka yi haihuwa a gidan ƙanwarta a Yammedi, ta tafi suna za ta kwana biyu. Ta bar wa Inna sallahu a jiƙa ƙafar kawai, kada a taɓa tsinken.

Washegari bayan azahar Baba ya kira ni zaure. Na tarar da ƙwaryar ruwa a gabansa. Ya ce in zauna in miƙo ƙafar. Lissafinsa mai sauƙi ne: in abin ya fita yau, bakin ciwon zai kame kafin ranar. Na ce, "Baba, Kaka ta ce a bari." Ya ce, "Ni da nake naɗa hannun maza, tsutsa ce za ta gagare ni?"

Ya kwance tsumman. Murzawar farko ta zo lafiya, ta biyu ma haka, har na ga fuskarsa ta saki. A ta uku abin ya turje. A nan kakata take tsayawa. Shi kuwa hannunsa abu ɗaya ya sani, in zare ya turje a ƙara ja a tamke. Na ji wani abu yana jawuwa tun daga ƙaurina, na riƙe tabarma, na ce, "Baba." Ban ji ƙarar komai ba. Kawai na ga tsinken a hannunsa, ba ya haɗe da ni. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ajiye a bakin ƙwaryar, ya ce in je in kwanta, ya sa takalminsa ya fita.

Kafin kakata ta dawo ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana sheƙi, zazzaɓi yana ta jijjiga ni. Ta buɗe ta duba, ta dubi tsinken. Ta je har zaure ta sami Baba cikin abokansa, ta ajiye masa tsinken a cinya, ta ce, "Ga dambenka nan." Kwana arba'in ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Wanzami ya zo ya yi mini sakiya, ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, mutum huɗu suka danne ni. Cikin mugunyar da ta fito aka ga guntun da ya rage. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Kakata ta ce aikin kwana uku ne, in ya yi yawa huɗu.

Ranar damben, Baba ya tafi Rogo, ina kwance. Aka haɗa ɗan bahago da wani yaro daga Jajaye. Da Baba ya dawo ya tsaya a bakin ɗakin, bai shigo ba, ya ce, "Ɗan bahagon nan ba komai ba ne. Da a turmin farko za ka kashe shi." Wannan ce sannun da na samu.

Wata biyar na yi a kwance. Da ciwon ya warke jijiyar ta ƙanƙance, diddigen ya ƙi taɓa ƙasa, har yau bai taɓa ba. Da aka kai ni asibiti daga baya suka ce an makara. Fawa tana son mai tsayuwa da kayar da sa, don haka aka zaunar da ni a gaban tukubar tsire. Duk wanda ya tambayi Baba me ya sami ɗansa, amsarsa ɗaya ce: kurkunu ne ya cuce mu. Mu, in ji shi. Haka ya yi ta faɗa har ya tsufa, ina zaune ina ji.

Ni na yi jinyarsa a ciwon ajali, da wannan ƙafar nake kai shi bayan gida in dawo da shi. Wata rana da yamma ina gyara masa shimfiɗa, sai na ji hannunsa a idon sawuna, daidai kan tabon. Ya shafa, ya sake shafawa. Na tsaya cak, na ce a raina yau kalmar ban haƙuri za ta fito. Sai ya ce, "Saura kaɗan fa ya fita." Na jira. Sai ya janye hannunsa. Bayan kwana shida ya rasu. A wurin jana'iza liman ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa, na ce na yafe tare da kowa. Allah ya ji abin da bakina ya faɗa, Shi ya san kuma abin da ke ciki.

Yanzu an cike kududdufin, akwai famfon burtsatse a wurin, yara suna ta wasa da ruwa. Ka ce musu kurkunu sai su zaci sunan wani gari ne. Dambe kuwa a waya suke kallonsa, suna zaune a kan babur. Ɗana na biyu ya kamu da son abin, kwanaki na kama shi a bayan gida ya naɗe hannunsa da igiyar shanya yana dukan buhun dusa. Tsayuwarsa ba daidai ba ce, duk nauyinsa a kan ƙafar gaba. Bakina ya buɗe zan gyara masa, sai na rufe. Ya juyo ya gan ni, ya ce, "Baba, an ce kai ma ka yi dambe. Me ya sami ƙafarka?"

Yaron nan sunan kakansa aka sa masa, yana kuma alfahari da shi. Na dube shi, na dubi igiyar da ke hannunsa.

Na ce, "Kurkunu ne."