Dodon Koɗin Gidan Malama

Ni a bakin tafkin Njuwa na tashi, kuma duk wanda ya tashi a can ya san fitsarin jini. Na yi shi, ƙannena sun yi. Da ma'aikatan lafiya suka zo garinmu, sai suka ɗago wani ɗan dodon koɗi daga cikin ciyawar ruwa suka ce ga mai kawo tsargiya. Tun daga nan uwarmu ta kafa doka: ka gan shi, ka sa dutse. Ba tambaya.

Na girma, na yi aure, na dawo unguwar Shagari Low Cost. Maƙwabciyata Kirista ce daga kudancin jiha, tsohuwar malamar firamare. Ita ta koya mini baƙi ina da jikoki, a ajin manya da take yi a barandarta. Ina ce mata Malama, tana ce mini Adda, wato yaya, ko da yake ta girme ni.

A falonta akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da kifaye ƙanana masu launi, da wani dutse mai ramuka kamar gidan gara. Mijinta, wanda take kira Baba, ya yi aiki a bakin teku, can kudu. Da ya yi ritaya ya taho da dutsen cikin jarka, ya sa sola don injin ruwan kada ya tsaya. Bayan ya rasu, Malama ta ci gaba da kula da shi. Kullum da safe a gabansa take shan shayi. Shi ne abin da ya bar mata mai numfashi.

Wata shekara za ta ƙauye Kirsimeti, ta bar mini amanarsa. Ta nuna mini abincin kifin, ta ce kaɗan. Ta ce in ruwa ya ragu in ƙara na randa, kada in ƙara gishiri. Ba ta yi zancen wani abu ba, ni ma ban tambaya ba, don ni kifin kawai nake kallo in na shigo.

Da na zo da safe na durƙusa kusa, sai na ga ashe dutsen gari ne guda. Wata tsutsa mai gashi kamar shanshani ta leƙo ta koma. Wani abu mai ƙafafu biyar sirara kamar zare ya miƙo hannu daga rami. Sannan na ga su a jikin gilashin, dodon koɗi, suna tafiyarsu a hankali.

Matar nan kullum hannunta cikin ruwan nan! Na lura fa ba irin namu ba ne. Na Njuwa ɓawonsa siriri ne, yatsa ma yana fasa shi. Wannan kuwa mai tsini ne kamar malfa, ga tauri. Na gani da idona, amma na ce dodon koɗi ai dodon koɗi ne. Na ɗauko ludayi na tsame su ɗaya bayan ɗaya, na kai bayan gida gindin mangwaro, na sa dutse. Washegari na dawo na kwashe waɗanda suka ɓuya. Har wani daɗi nake ji, na yi wa Malama aiki.

Kafin ta dawo gilashin ya fara yin kore. Gansakuka ta rufe shi har kifin sai inuwarsu. Ana haka ta kira ni.

"Adda, yaya yarana? Suna cin abinci?"

"Suna ci kamar ba gobe. Amma Malama, Allah ya tsare ki. Tsargiya kike kiwo a falo ba ki sani ba. Na kashe miki su tas."

"Kin kashe me?"

"Dodon koɗin mana."

Ina jin ganga da waƙar coci a bayanta. Na ce, "Malama, kina ji na?"

Ta ce, "Su ne masu share gilashin, Adda. Cikin dutsen Baba suka zo, ba wanda ya san da su sai da suka fito. Ya ce tunda sun biyo shi tun daga teku, ba zai kore su ba. Jikokinsu ne waɗannan."



Ranar da ta dawo ba ta ko ajiye jaka ba ta ce in nuna mata wurin. Muka je gindin mangwaro. Kaji sun riga sun tona. Ta tsuguna da gwiwarta mai ciwo tana tsintar ɓawon tana zubawa a gefen zani.

Na ce, "Gobe zan je Njuwa in kwaso miki wasu, da hannuna."

Ta ɗago ta dube ni, har ta ɗan yi dariya. "Yanzu kuma ainihin tsargiyar za ki kawo mini? Na ruwan daɗi ne, gishiri zai kashe su. Kai, Adda."

"To ki zage ni mana! Ki ce wani abu!"

"Me zan ce? Tsoro kika ji mini."

Na gwammace a ce zagina ta yi. 'Yarta ta tura hoton ɓawon wa masu sayar da irin kifin nan a Legas, suka faɗi sunansa da Turanci, suka ce za a samu. Malama ta ce a bari. Na sayarwa ba su ne suka biyo Baba ba.

Muka yi ta duba dutsen ko akwai ƙwai da ya rage. Tsutsar tana nan, mai ƙafafun zaren yana nan. Su dai ba su sake fitowa ba.

Ni na karɓi aikinsu. Nakan shigo da safe da soso sabo, in naɗe hannun riga, in goge gilashin daga sama har ƙasa. Ba ta hana ni ba. In na gama sai ta ce, "Adda, ya isa haka, zo ga shayi." Amma a baranda take zuba mana shi.