Sabuwar fitilar kamiyo a zauren surukina

Jama'a, yau saura kaɗan in aika surukina lahira da tsakar rana!

Fitilar kamiyona, babbar motata ta kaya, ta zama kamar aci-balbal, na sayo manyan ampul, wato ƙwan fitila, daga Maradi. Makanisiye Illa ya ce tsofaffin wayoyin za su narke, ya sa masu kauri. Ya gama da azahar. To, wa ke ganin hasken fitila cikin rana?

Illa ya ce, "Haska cikin zauren can, akwai duhu."

Zauren surukina ne, amma na zaci ya tafi kasuwar Birnin Lalle. Na saita hancin mota daidai ƙofa, na kunna.

Ashe tsoho bai je ba, barci yake! Sai muka ji salati da ƙarfi: "Mala'iku, ku yi mini a hankali, ban yi alwala ba!"

Illa ya ruga bayan mota. Ni kunya ta kama ni, na diro na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

Sai tsoho ya ce, "Kai yaro, kada ka kashe! Ga allurata da ta ɓace tun Nasara ba su tafi ba."