Likitan Ɓera da Layin Dawa

Bana shekara talatin da rasuwar yayana Mamman, wanda 'yan unguwar Birni a Damagaram suka laƙaba wa Likitan Ɓera. Har yau in na ji sunan nan raina ɓaci yake yi.

Karatun da ya yi a ƙasar waje a kan ƙwaƙwalwar ɓera ne. Ya ce a ƙarƙashinta akwai wani ɗan ƙullu da bai kai ƙwayar dawa ba, in dabba ta firgita sai ya saki sinadarin da ke tayar da jiki duka. Ya sha ganin uwar ɓera ga abinci a gabanta, amma da an tsorata ta sai nononta ya ƙi sauka. Dariya muka yi masa, har da ni.

Sai fari ya zo. Ina goyon ɗana na fari, kullum ina layin rabon dawa, masu tsaro suna kaɗa mu da bulala kamar awaki. Yaya ya tafi buro, wato ofishin masu rabon, ya roƙi a ware wa masu shayarwa layinsu, a ajiye bulala. Babban wurin ya ce, "Mushe Mamman, matan Damagaram ba ɓeraye ba ne. Koma labo ɗinka ka ci gaba da gwajin ɓerayenka."

Da ya dawo ya tambaye ni, "Hadiza, nono yana zuwa?" Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiya lau, Yaya." Alhali kwana uku ke nan ko ɗigo babu. Amma wace mace ce za ta yi maganar ɗan fari a gaban yayanta? Madarar gwangwanin da ya samo, maƙwabciyar da ta buɗe baki ta faɗa ya kai wa. Ni tsofaffi suka yi ta ɗura wa jiƙo. Yaron bai ga damina ba.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Layin yana nan, ana daka wa mai goyo tsawa a rana, masu dakawar kuma da takardar lakwal, shaidar karatun boko, a aljihu. Wallahi ban yafe wa mutumin buron nan ba, kuma ban gama yafe wa kaina ba.

Littattafan Yaya gara ta cinye. Abin da ya bari shi ne ni, tsohuwar da ake cewa ba ta da kunya don tana faɗawa ɗakin mai jego ta duba da idonta ko nono yana zuwa. Su yi ta faɗa. Yaron nan, saboda kunya, ban taɓa kiran sunansa yana raye ba. Sunansa Ibrahim.