Wace Ƙasa?

Ranar Talata ce, cikin watan Oktoba na shekarar da na cika sha biyu, lokacin da busassun ganyaye suka fara taruwa a kan matakalan unguwarmu ta Highbridge da ke Bronx. Na dawo daga makaranta da wata takarda a ninke cikin aljihun rigar sanyina, na hau bene hawa biyar da ƙafa saboda lif ɗin gidanmu ya sake lalacewa, na tarar da Baba zaune a kan darduma bai ko cire rigar aikinsa mai ratsin rawaya ba. Ya idar da la'asar, yana jan carbi yana gyangyaɗi. Na tsaya a bakin ƙofa ina jera kalmomin Hausa a raina ɗaya bayan ɗaya, domin na san in na yi masa maganar nan da Turanci, kafin in rufe baki zai ce a'a.

Mu biyu ne kawai a gidan. Ummata ta rasu ina shekara huɗu, kuma tun daga nan, in ji maƙwabta, magana ta ƙare wa Baba. Aikinsa lodin akwatuna ne a filin jirgin sama, can gaba da unguwar Jamaica, saboda haka kafin in tashi ya daɗe da fita. Ni ke rataya makulli a wuya da igiyar takalmi, ni ke dafa shinkafa, ni ke jan keken kayan wanki zuwa shagon injuna ranar Lahadi, in zauna ina kallon rigunanmu suna juyawa cikin kumfa. Hirarmu ta yini guda ba ta wuce tambaya uku: "Kin yi salla? Kin ci abinci? Kin gama aikin makaranta?" Shi yana tambaya da Hausa, ni ina amsawa da Turanci, sai kowa ya kama gabansa. Ƙarar da ta fi yawa a ɗakinmu ita ce ta bututun ɗumama ɗaki, wanda yakan yi ta ƙwanƙwasa da sanyi kamar baƙo ne ke son shigowa. Hajiya Memuna, 'yar Gana da ke ƙofar da ke kallon tamu, ita ke leƙo ni da kwanon wake da shinkafa, tana cewa, "Balkisu, ka ci?" Ita a bakinta mace da namiji duk "ka" ne, kuma na daɗe ina zaton tsokanata take yi.

A makaranta ma ban fi haka ba. Lokacin tara, 'yan mata na tsallen igiya biyu suna waƙa da Sifaniyanci, maza na buga ƙwallo a jikin bango. Ni kuwa ƙafata ba ta taɓa shiga igiyar nan ta fito lafiya ba, sai na haƙura. Akwai wani wuri a gindin shingen ƙarfe inda siminti ya fashe, can nake tsugunawa da tsinken alawa ina tono, ina kallon tururuwa da tana. Ba son ilimi ne ya kai ni wurin ba, rashin abokin wasa ne.

To, a ranar Talatar nan wasu ɗalibai biyu na jami'a, masu karatun digirin farko a fannin kimiyya, suka zo ajinmu. Ɗayarsu ta zuba ƙasa cikin kwalba, ta cika da ruwa, ta girgiza, ta ajiye a bakin taga. Kafin a tashi darasi ƙasar ta rabu hawa-hawa: yashi a gindi, mai laushi a tsakiya, laka a sama. Ta ce akwai mutanen da wannan ne aikinsu. Su ake kira su auna ƙasa kafin a gina makaranta, su ke gano ko akwai dalma a lambunan unguwa, su ke gaya wa manoma abin da gonarsu ta rasa. Ta ce bayan digirin farko mutum yana iya zarcewa na biyu har na uku, a kira shi dakta alhali bai taɓa riƙe allura ba. Yara suka yi dariya, ni kuwa na kasa ɗauke ido daga kwalbar. Ashe abin da nake yi a gindin shinge yana da suna, har da mutanensa. Suka raba takarda: za a riƙa koyar da yara a jami'arsu kowace Asabar har zuwa ƙarshen zango, in uba ko uwa ta sa hannu.

Matsala biyu ce. Ta farko, ranar Asabar nake zuwa islamiyya. Ta biyu, Baba ba ya ƙaunar a ambaci gona a gabansa. Ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Funtuwa, kuma yakan nuna min tafin hannunsa ya ce, "Ban tsallako teku don 'yata ta riƙe fartanya ba. Likita za ki zama." Wannan ita ce doguwar maganarsa guda ɗaya, kuma na haddace ta kamar karatun allo.

Na miƙa masa takardar da biro. Ya laluba tabarau bai samu ba, ya ce, "Ta mene ce?"

Kalmar da na sani ɗaya ce, wadda yake faɗa min in na shigo da takalmi mai datti. Na ce, "Karatun ƙasa ne, Baba. Ran Asabar."

Ya ɗago kai. Ban sani ba ko Hausar da ta fito daga bakina ce ta farkar da shi, ko kalmar. Ya ce, "Ƙasa? Wace ƙasa?"

Na tuna kwalbar da hawa-hawanta, na ce, "Kowace iri."

"Har da tamu?"

Na ce, "Har da tamu."

Wallahi ban yi ƙarya ba, a lokacin. Ya sa hannu, ya ce islamiyya ta Lahadi ta isa. Sai da ya tashi ya yago bayan kalanda, ya kwantar da ita a kan tebur ya fara zana taswira, yana cewa ga Kwara, ga Binuwai, ga inda suka haɗu, sannan na gane abin da ya faru. Ni ƙasar da ake takawa nake nufi, shi kuwa ƙasar da ake bari ya ji. A zatonsa 'yarsa za ta karanci ƙasashen duniya, ta zama jakadiya, ta shiga dogon ginin nan mai tutoci a bakin kogi, inda wakilan ƙasashen duniya ke taruwa, tana magana da sunan mutanensa. Na buɗe baki zan gyara, sai na ga yana murmushi yana neman inda zai ɗiga Funtuwa. Na rufe bakina.

Daga ranar, kullum tsakanin la'asar da magariba Baba yana ba ni darasi. Ya ce kada Turawa su koya min ƙasarmu a karkace. Ya ba ni labarin kasuwar auduga, da yadda ake jin ƙanshin ruwan farko tun bai sauka ba, da sunayen garuruwan da mota ke wucewa daga Zariya zuwa Gusau. Ya ba ni labarin yadda ya fara ganin Ummata a bakin rijiya ta ƙi ba shi ruwa. Ban taɓa jin wannan ba. Na fara amsa masa da Hausa, yana dariyar yadda nake kiran "ƙ" kamar mai shaƙewa, yana sa ni maimaitawa. Hajiya Memuna ta baza wa duk benen cewa Balkisu "zai zama ambasada". Ranar Asabar kuma in shiga jirgin ƙasa in tafi jami'a, in sa safar roba, in yi ta tankaɗe da awo tare da ɗaliban nan biyu. In na dawo sai in tsaya a hawa na huɗu in kankare ƙasan faratana da makulli. Na san ranar da gaskiya ta fito darasin yamma zai ƙare, kuma ban da shi ba ni da komai.

Asabar ta ƙarshe aka gayyaci iyaye. Na ɓoye takardar gayyatar, amma ɗalibar nan, cikin kirkinta, ta buga wa Baba waya. Ya yi musayar ranar aiki da wani abokinsa, ya fito da babbar rigarsa ta salla ya sa a ƙarƙashin kwat, ya kafa hula. A cikin jirgi yana ta tambayata ko za a ba shi dama ya yi magana kan Najeriya. Ni dai kaina na ƙasa.

Muka shiga ɗakin. Babu tuta, babu taswira. Dogayen tebura ne da kwalabe da farantai cike da ƙasa, kowanne da sunan yaro a jiki. Baba ya tsaya a gaban nawa ya daɗe. Ya dubi kwalaben, ya dubi sunana, ya dube ni. Sai ya naɗe hannun babbar riga, ya ɗebi ta farantin farko, ya ɗiga mata ruwa, ya murza tsakanin yatsunsa, ya shinshina. Ya ce, "Jigawa ce. Gero take so, ko gyaɗa." Ya ɗebi ta biyu ya dunƙule, ta ƙi wargajewa, ya ce, "Laka. Wannan ta fadama ce." Ta uku, wadda na tono daga gindin shingen makarantarmu, ya taɓa kawai ya kakkaɓe hannu. "Fako. Ko ciyawa sai ta yi haƙuri." Malamar da ke kula da shirin ta matso, na fassara mata. Ta duba takardar awonmu, ta ce duk abin da ya faɗa haka injin ya nuna, sai dai mu mun yi makonni kafin mu gano. Ta tambaye shi inda ya yi karatu. Ya ce in gaya mata, a bayan babansa.

Na ɗauka shi ke nan, an shirya. Amma a hanyar komawa, da muka fara hawan tudun unguwarmu, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tun yaushe kika san ba abu ɗaya muke nufi ba?" Na ce tun ranar farko. Ya gyaɗa kai. Ba faɗa, ba duka. Washegari da la'asar na shimfiɗa taswirar a tebur na zauna ina jira. Ya idar da salla, ya ce, "Kin ci abinci?" Ya shige ɗaki. Na bar ta a wurin kwana uku kafin in naɗe. Ban taɓa jin gidanmu ya yi girma da shiru kamar makon nan ba, domin a da ban san akwai wani zaman daban ba.

Da na shiga jami'a na fara da darussan masu neman likitanci, don in biya shi. A shekara ta biyu na zauna gaban mai ba ɗalibai shawara, ta jera min hanyoyi: aikin gwaji na lokacin hutu, aikin auna ruwa da ƙasa a hukumomi, gurbin digiri na biyu a wata jiha mai gonaki. Na koma gida na gaya wa Baba, wannan karon da Hausa tsantsa, na bambance masa kowace kalma yadda ba zai yi kuskure ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ni na gudu daga ƙasa, ke kin je kin same ta a kwalba. Allah ya sa albarka." Bai hana ni ba, bai kuma sake zana min taswira ba.

Yau ni ce a wancan gefen teburin. Ina koyarwa a wata kwaleji a nan Bronx, kuma ɗaliban kimiyya na zuwa ofishina su tambayi wane kwas za su ɗauka, wane aiki ke jiransu, ko su zarce digiri na biyu. Yawancinsu 'ya'yan direbobi ne da masu jinyar tsofaffi, kuma kusan kowa an aiko shi ya zama likita. Ina ba su takardu da ranakun rufe neman gurbi, sannan in yi musu tambayar da ba ta cikin kowane fom: ka gaya wa mutanen gida, da harshensu, har ka tabbata sun gane? Wasu dariya suke yi. Wasu kuma su sunkuyar da kai, sai in ga yarinyar nan ta hawa na huɗu tana kankare farce.

Baba ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu, kuma abin dariya, gonar da ya rantse ba zai sake takawa ba ita ya koma yana nomawa. Kowace Juma'a mukan yi waya, kuma kafin ya ajiye sai ya ce, "Balkisu, yaushe za ki zo ki ga ƙasar?" Ni kuma in ce bayan wannan zangon, Baba, in an gama jarrabawa. Zango ya bi zango. Bara, cikin damina, aka kira ni ina tsakiyar aji, kuma kafin in sami jirgi an kai shi makwanci. Ƙaninsa ya raka ni gonar. Na tsuguna na ɗebi ƙasar, na murza, na shinshina yadda na ga ya yi. Na san duk abin da inji zai faɗa a kanta, amma babu wanda zai gaya min abin da take so.

Taswirar bayan kalandar tana cikin aljihun teburina, Funtuwa ɗigo ne na jan biro. A shekarun nan duka da yake tambayata yaushe zan zo in ga ƙasar, ban taɓa tambayarsa wacce yake nufi ba. Yanzu yana kwance cikin duka biyun.